Nasiha ga 'Yan Matan Gobir kan Cire Jan Farce na Jel

'Ya'yana da ƙannena na Isa da Sabon Birni, da ku da kuke zaune a Sakkwato ko Gusau ko Maraɗi saboda karatu ko aure ko halin da ƙasarmu ta shiga, maganata yau a kan farce ce. Na san wani zai ce mutanen da ke kwana cikin zullumi ina su ina zancen kwalliya. To amma biki bai tsaya ba, suna bai tsaya ba, kuma da yawa daga cikin 'yan matan da rashin tsaro ya raba da garuruwansu kunshi da kitso da gyaran jiki suka kama, da su suke taimakon iyaye. Sana'ar da ke ciyar da gida ta cancanci a zauna a yi maganarta da gaske.

Cikin 'yan shekarun nan wani jan farce ya shigo, wanda ake ce wa jel. Ana shafa shi, a tura hannu cikin wani ɗan akwati mai shuɗiyar fitila, kafin minti ɗaya ko biyu ya daskare ƙam yana ƙyalli. Mako biyu zuwa uku ba ya ɓarewa, ko an yi wanki ko an yi wanke-wanke. Ya bazu a duniya ne tun wajen 2010, lokacin da kamfanin CND na Amurka ya fito da nasa mai suna Shellac, sauran kamfanoni suka bi sahu. Yau kwalabensa suna nan a shagunan kayan kwalliya na Sakkwato da kasuwar Sabon Gari ta Kano, har akwai fitila mai caji wadda mai kunshi za ta jefa a jaka ta tafi da ita gidan biki. Sawa ba ta da wuya, yarinya mai tsayayyen hannu takan iya cikin 'yan kwanaki. Cirewa ce ba a koyarwa, alhali a nan ne ake ɓata farcen mutane, kuma a nan ne ake gane wadda ta san aikinta.

Mu kuwa cirewar ta fi damun mu fiye da matan da aka ƙirƙiro abin dominsu. Baturiya takan sa ta bar shi mako uku, sai ya fara sakewa da kansa sannan ta koma shago. Ke Musulma ba ki da wannan sararin. Duk wadda ta zauna gaban malam ta karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala ta san a mazhabarmu ta Malikiyya wanke hannu har gwiwa farilla ne a alwala, tare da cuɗawa da tsettsefe yatsu, kuma duk abin da ya yi kauri ya hana ruwa taɓa fata ko farce dole a kawar da shi. Lalle launi ne kawai, rina farce yake yi ba ya barin wani abu a kansa, shi ya sa kakanninmu suka yi ta kunshi suna salla ba wanda ya ce musu kanzil. Jel kuwa roba ce aka ɗora, ko ɗigon ruwa ba ya ratsa ta. Saboda haka mai kiyaye sallarta ba ta da lokacin sa shi sai kwanakin da take hutun salla, ko tana jego. Kwana biyar ne, shida, bakwai ga yawancin mata. Ke nan abin da aka yi shi don ya zauna mako uku, ke za ki cire shi a makon farko, lokacin da riƙonsa yake da ƙarfi ƙwarai. Tsarki kuma ba ya aiko da goron gayyata, yana iya zuwa da tsakar dare.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, ya zargi malaman zamaninsa a littafinsa Nurul Albabi kan barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilcin hukuncin alwala da salla. Bai kamata mu mayar da hannun agogo baya saboda kwalba ɗaya ta jan farce ba. Na faɗi haka ne musamman don amare. Sau da yawa ranar biki ba ta dacewa da kwanakin hutun amarya, amma ƙawaye su ja ta shago a sa mata jel don hoto ya yi kyau. Sai a wayi gari salloli sun wuce da alwalar da ba ta inganta ba. Sannan ga wankan da ke hawa kan matar aure, shi ma ba ya cika sai ruwa ya game jiki duka har farata. Kunya ta hana iyaye faɗa, mai shago kuma ba ta ga abin ya shafe ta ba. Ya shafe ta, domin hannunta ne ya sa.

Na taɓa ganin wata amarya da aka yi wa kwalliya a birni aka kawo ta garinmu. Washegari da asuba gwaggonta ta same ta zaune bakin gado da reza a hannu, ta ɓamɓare yatsu huɗu, biyu suna tsattsafar da jini, sauran ta rasa yadda za ta yi da su.

"Ke ɗiyar nan, mi kinka yi ma akaihunki?"

"Gwaggo, salla nika son yi, abin ya ƙiya."

"Wadda tas sa miki ba ta gaya miki yadda aka hidda shi ba?"

"Ta ce dai shina kai wata."

Ba a samu abin cirewa a unguwar ba, sai da aka aika wani shagon magani bayan hantsi. Yatsun da ta ɓare da reza sun yi wata da watanni suna zafi in ta taɓa ruwan ɗumi ko ta yanka barkono. Niyyarta mai kyau ce, salla take so. Laifin na wadda ta karɓi kuɗinta ne ta sallame ta ba da bayani ba.

Ku fahimci abin da ke faruwa in an ɓamɓare jel da ƙarfi. Farcen hannu kaurinsa kamar rabin milimita ne, kuma ba dunƙulallen abu ɗaya ba ne, siraran shimfiɗu ne da yawa a kan juna. Jel yana kama shimfiɗar sama. In kika sa haƙori ko reza ko bakin cokali kika ɗaga shi, ba shi kaɗai yake tashi ba, da naman farcen yake tafiya. Fararen tabon nan da kuke gani bayan an ɓare, da kaushin da ke kama mayafi, wurin da aka yage ne. Farce kuma ba fata ba ce da za ta warke ta cike gurbi. Abin da ya tafi ya tafi, sai dai sabo ya tsiro daga gindi ya turo tsohon waje. Farcen hannu yana tsawo kamar milimita uku da rabi a wata, don haka kafin ya sabunta gaba ɗaya sai wata huɗu zuwa shida. Na ƙafa ya fi nawa, yakan kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wadda take sa jel kowane wata tana ɓarewa, tana rage kaurin farce ɗaya sau huɗu zuwa shida kafin ya samu damar sabuntawa. Ƙarshenta sai ya zama yana lanƙwashewa, yana tsagewa, ta kasa ko tsinke zare da shi.

Bambancin jel da jan farcen da muka saba shi ne, na da bushewa yake yi, wato ruwan da ke cikinsa ya tashi ya bar launi, in aka shafa masa abin gogewa sai ya koma ruwa ya bi auduga. Jel ba bushewa yake ba. Hasken fitilar nan ne yake sa ƙwayoyinsa su sarƙe da juna su zama roba guda. Shi ya sa gogewa ba ta fitar da shi. Abin da ke cin sa shi ne asiton tsantsa, shi ma ba narkar da shi yake nan take ba, shiga cikinsa yake a hankali ya kumbura shi har ya saki farcen ya tattare. Duk wadda ta taɓa wanke tukunyar tuwo ta san dabarar: ƙanzo jiƙa shi ake a bar shi ya saki, mai kankara da wuƙa ita ce ke huda tukunya. Ku duba jikin kwalba kafin ku saya. Akwai abin goge jan farce da aka rubuta ba asiton a cikinsa, wannan ba ya yi wa jel komai ko an kwana ana jiƙawa.

Ga yadda mai sana'a take yi. Ta fara wanke hannunta, ta sa baƙuwarta ta wanke nata da sabulu ta tsane. Sai ta ɗauki magogin farce mai matsakaicin kaushi, irin wanda aka rubuta wa lamba 180, ta goge saman jel ɗin. Wannan shafin na sama mai ƙyalli shi ne murfi, an yi shi don ya hana komai shiga, in ba a karya shi ba asiton zai tsaya a waje. Gogewar tana da iyaka: da zarar ƙyallin ya dushe, ya zama kamar an barbaɗa gari, a tsaya. Launin ya kasance yana nan. In kika ga farcen mutum ya fara leƙowa ta ƙarƙashi, kin wuce gona da iri. Daga nan ta shafa basilin ko man kaɗe a fatar da ke kewaye da kowane farce, ba a kan jel ɗin ba, domin asiton yana tsotse maiƙon fata ya bar ta fari fat tana tsagewa. Ta gutsuro auduga daidai faɗin farce, ƙaramar yatsa ƙarama, babbar yatsa babba, ta jiƙa ta sharkaf, ta ɗora, ta naɗe da takardar foyil sosai yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta fi son a naɗe da siririyar ledar nan ta rufe abinci, saboda ta fi mannewa, asiton ba ya ɗiga. Duk wadda aka samu ta yi, in dai an matse ba tare da an tsayar da jini ba.

Sai jira, kuma a nan ne yawancin masu koyo suke faɗuwa. Minti goma zuwa goma sha biyar, da agogo, ba da ƙiyasi ba. Kada a riƙa buɗewa ana leƙe, kowane leƙe asiton ne yake gudu. In lokaci ya cika a buɗe yatsa ɗaya kawai, a bar sauran a naɗe. Jel da ya jiƙu ba ya ɓuya, za ki gan shi ya yamutse, ya tattashi daga gefe, wani ma ya biyo audugar. Ki sa ɗan itacen nan mai faffaɗan baki, ki kwantar da shi, ki tura a hankali daga gindi zuwa baki. Abin da ya taho ya taho. Abin da ya ƙi, kada ki yi masa gardama, ki sake jiƙa auduga ki mayar, ki ƙara minti biyar, ki wuce yatsa ta gaba. Wannan ita ce ƙa'idar da nake so ta zauna muku: in kin ji hannunki yana sa ƙarfi, to lokaci bai yi ba. Ko baƙuwa tana gaggawa, ko mai mashin yana jiran ta a ƙofa, ki gaya mata gaskiya cewa minti biyar na yanzu ya fi wata biyar na jinya. Na fi son ɗan itace a kan na ƙarfe ga mai koyo, saboda ƙarfe yana kankare farcen da asiton ya tausasa ba tare da kin ji ba.

Akwai masu zuba asiton a kwano su ce a tsoma yatsu duka. Yana cirewa, amma yana gasa fata, yana cin asiton da yawa, ga wari ya cika ɗaki. Naɗi ya fi. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu mara ƙarfi, a shafa mai a farce da kewayensa, a gaya wa mai hannun ta ci gaba da shafawa kullum har mako guda. Ga mai shirin wankan tsarki kuma, ku duba da kyau a wurin haske. Shafin farko da ake yi kafin launi ba shi da kala, yakan maƙale a gefen farce da gindinsa ba a gani. Ki bi da ɗan yatsa, in kin ji santsi ko tudu, saura ne, kuma shi ma yana hana ruwa.

Yanayinmu yana da nasa hukunci. Asiton yana tafasa ne a ma'aunin zafi 56 kacal, mu kuwa a bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Isa da Sabon Birni yakan haura 40. A irin wannan lokaci audugar da aka jiƙa aka tsaya hira ta bushe kafin ta kai farce, kwalbar da aka bari a buɗe kuma sai ki ga ta yi ƙasa ba ki san inda ta tafi ba. Ki jiƙa ɗaya, ki naɗe, sannan ki jiƙa ta gaba. Da hunturu kuma yatsu sun yi sanyi, aikin yana nawa, sai a lulluɓe hannun da tawul a ƙara 'yan mintoci. Iyakar ɗumin da aka yarda da shi ke nan.

Maganar wuta ita ce wadda ta fi tsorata ni, don na san ɗakunanmu. Ba shagon gyaran jiki ko ɗakin amarya da za ka shiga ba ka tarar da kaskon turaren wuta da garwashi a ƙasa ba. Asiton kuwa yana kama wuta ko a cikin sanyin da ya wuce na ƙanƙara, kuma tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa yake bi, daidai inda kaskon yake. Ba sai ruwan ya taɓa garwashi ba, tururin ya isa. Mace tana zaune da auduga goma a yatsunta, ga mayafi, ga gashin da aka shafa wa mai, Allah ya kiyaye. Ranar cire jel a fitar da kasko waje, a kashe risho, kada a kunna ashana ko maganin sauro na hayaƙi, janareta ya yi nisa da ƙofa. A buɗe taga iska ta ratsa. Kada wata ta ce za ta ɗumama asiton a kan wuta don ya yi sauri. Audugar da aka gama da ita a zuba ta a gwangwani mai murfi a fitar. Kuma don Allah kada a juye asiton a gorar ruwa ko ta lemo. Fari ne tas kamar ruwa, gidajenmu cike suke da yara, mun kuma san yadda ake kai su asibiti sun sha kananzir ta wannan hanya.

In asiton ya yanke, wasu sukan koma ga tinar masu fenti, ko fetur, ko kananzir. Waɗannan ba a yi su don jikin mutum ba, suna ƙona fata, shaƙarsu tana sa jiri, kuma ba su cire jel ɗin yadda ya kamata. Akwai kuma wani mai kauri da ake tallarsa a waya, wai a shafa minti uku jel ya fashe da kansa. An samu wasu irinsa ɗauke da sinadarin da ake ɓare fentin ƙarfe da katako da shi, wanda Amurka ta hana sawa a kayan kwalliya tun 1989. Abin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, ba lambar NAFDAC, kada ki ɗora shi a hannun 'yar mutane don yana da sauri ko sauƙin kuɗi. Araha ba ta ado. Masu manna farcen roba da sufa gulu kuma su sani, in gam ɗin ya zuba a auduga ko zanen auduga yana yin zafi nan take har ya ƙona fata.

Ba kuma duk abin da ake kira jel ne asiton yake ci ba. Akwai mai tauri da ake gina dogon farce da shi, wannan ko an kwana a jiƙe ba ya motsi, sai an goge shi da magogi har ya yi siriri. Akwai na hoda da ake kwaɓawa, shi yana jiƙuwa amma yana ɗaukar lokaci fiye da jel. Saboda haka in mace ta zo da aikin da wata ta yi, ki tambaye ta me aka sa mata, ki gwada yatsa ɗaya tukuna. Injin gogewa mai juyawa kuma ba na mai koyo ba ne. Cikin ƙiftawar ido yake cin farce ya bar jan zobe mai zafi. In ba a zaunar da ke an koya miki ba, ki bar shi a kwalinsa. Ke kuma mai kiyaye salla, wannan mai taurin bai dace da ke ba sam, don ba abin da za a cire da dare ɗaya a gida ba ne.

Bayan jel ya tashi, ki dubi abin da ke ƙarƙashi. Wani lokaci za ki ga tabo kore ko mai duhu-duhu. Wannan ƙwayar cuta ce da ke son danshi, takan zauna inda jel ya ɗaga ruwa ya shige ya kwanta. Masu jego suna iya haɗuwa da shi, domin a sa musu don ranar suna, sannan ga wankan ruwan zafi safe da yamma, ga wankin kayan jariri. Wani lokaci kuma za ki ga farcen ya rabu da nama, ya yi fari daga baki zuwa ciki. Ko gindin ya kumbura yana ruwa. Duk wanda kika gani cikin waɗannan, kada ki rufe shi da sabon launi ko da ta roƙe ki. A yanke farcen gajere, a bar shi a bushe, in akwai kumburi ko ciwo ko ya ƙi gushewa ta je asibiti. Ke mai ado ce, ba likita ba, kuma faɗin haka ba ya rage miki daraja.

Tsabtar kayan aiki magana ce da ta haɗa ku da wanzamai da masu yawon yankan farce da ke kaɗa almakashi a kasuwa. Duk ƙarfen da zai iya fitar da jini zai iya ɗaukar cuta daga wani zuwa wani. Binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manyan Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma ƙwayar tana iya rayuwa mako guda a busasshen jini a jikin ƙarfe. Asiton ba maganin wannan ba ne, goge almakashi da shi ba ya wadatarwa. A wanke ƙarfe da sabulu da buroshi, a tafasa shi minti ashirin, a shanya a rufe. Magogi da ɗan itace ba su tafasuwa, kowace baƙuwa da nata, in an gama a ba ta ta tafi da su. 'Yar fatar nan ta gindin farce kuma kada a yanke ta, ita ce ƙofar da ke hana datti shiga inda farce yake tsirowa. Ke da kanki ki je a gwada jininki, in ba ki da ciwon a yi miki allurar rigakafinsa.

Akwai haɗarin da ya fi shafar ku masu aikin fiye da baƙinku. Jel da bai shiga fitila ba, in yana yawan taɓa fata, jiki yakan wayi gari ya ƙi shi: yatsu su yi ƙaiƙayi, su tsage, su yi ƙuraje, wani lokaci har fatar ido da wuya. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan wannan tun 2018. Da zarar jiki ya ƙi shi, ya ƙi ke nan har abada, kuma dangin sinadarin jel ɗin ne ake amfani da su wajen cike haƙori da wasu ayyukan ƙashi a asibiti. Tarayyar Turai ta taƙaita wani sinadarin jel mai suna HEMA ga ƙwararrun masu shago kawai, sannan daga 1 ga Satumba 2025 ta hana wani mai suna TPO gaba ɗaya. Ina tsoron kayan da aka ƙi a can su nemo kasuwa a nan da sauƙin farashi, don haka ku koyi karanta bayan kwalba. Lokacin cirewa ma, garin da ke tashi da dagwalon da ke biyo auduga suna iya ɗauke da jel da bai gama daskarewa ba. Ki sa safar hannu, ki rufe hanci, ki share teburi da jiƙaƙƙen tsumma. Hannunki ne jarinki.

Yanzu ga batun ciniki. Shawarata ita ce kuɗin cirewa ya shiga cikin kuɗin sawa tun farko, ki gaya wa baƙuwa ta dawo ranar da take bukata ba za ta ƙara ko sisi ba. In kika ware shi daban, za ta ga asara ce ta biya don a raba ta da ado, sai ta koma gida ta sa haƙori, gobe kuma a ce aikinki ne ya ɓata mata farce. Kafin ki buɗe kwalba ki tambaye ta cikin sirri da ladabi: "Yaya, yaushe za ki koma salla?" Ba shisshigi ba ne, haƙƙi ne. In amarya ce da za a kai Isa ko Gatawa ko Tibiri ko wani ƙauye a tsallaken iyaka, ki tuna hanyoyin nan ba a bin su yadda aka ga dama yanzu, ba za ta dawo wurinki don farce ba. Ko dai ki ba ta shawara ta tsaya ga lalle, ko ki haɗa mata ƙullinta: 'yar kwalbar asiton mai rubutu a jiki, auduga, foyil, magogi da ɗan itace, ki nuna wa babbar ƙawarta yadda ake yi a yatsa ɗaya, ki maimaita musu maganar kasko. Kuɗin da za ki rasa a kan wannan kaɗan ne, sunan da za ki samu kuwa shi zai kawo miki ƙannenta.

Mai ciki da watanta ya tsaya ta cire tun kafin naƙuda. Ma'aikatan asibiti suna duba launin farce don gane ƙarancin jini, kuma 'yar na'urar da suke maƙalawa a yatsa don auna iskar jini haske take harbawa ta cikinsa, launi mai duhu yana iya rikita ta. Haka duk wadda za a yi wa aiki. Ƙananan yara kuma kada a sa musu ko don Salla.

In kun tambayi ra'ayina, ga 'yar Gobir mai salla biyar jan lalle na ganye ya fi jel ta kowace fuska: ba ya hana alwala, ba ya bukatar fitila ko asiton, yana tafiya da farce har ya fita da kansa. Ban haɗa da baƙin dayis ba, shi ma yana ƙona fatar wasu. Amma na san zamani, na san ido yana son sabon abu, kuma na san wasunku da wannan aiki suke samun na cefane. To ku uwayen ɗaki masu shago, ina roƙon ku kada ku miƙa wa yarinya burushin shafawa sai ta cire jel a yatsu goma a gabanku ba ta kankari ko ɗaya ba. Ku kuma masu zuwa a yi muku, kafin ki tura hannu cikin fitila ki ce a nuna miki kwalbar asiton, ki ji ranar da za a cire da wadda za ta cire. In mai shago ta kasa amsa miki, ki janye hannunki ki ce a kwaɓa miki lalle.